Muna Faɗa Da Jan Baki, Mun Ƙyale Man Bilicin

Hukunci iri biyu ne ke jiran 'ya mace a bakin ƙofa duk safiyar da ta fito daga gida. In ta shafa hoda, ta ja gira, ta goga jan baki, kafin ta kai bakin titi wani a majalisa ya riga ya yanke mata: "Wannan ai da gani ka san babu kamun kai." In kuma ta wanke fuska ta shafa mai kawai ta fito, tana shiga ofis ko aji wata za ta tare ta: "Anti, lafiya kuwa? Ko da zazzaɓi kika kwana?" Matar aure ma ba ta tsira ba. Ranar da miji ya fara zancen ƙarin aure, abin da dangi ke fara cewa shi ne ita ta jawo, ba ta gyara, kullum tana nan da ɗaurin ƙirji da warin hayaƙi. Ranar da ta tashi gyaran kuwa, sai a ce uwar 'ya'ya guda ta tsaya gasa da 'yan mata.

Mun mai da fuskar mace ma'aunin tarbiyyarta, kuma wannan zalunci ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk ƙarfinmu ya ƙare a kan abin da ruwa da sabulu ke wankewa kafin sallar isha, alhali abin da ke cin fata da ƙoda muna kallonsa ido buɗe, har mu ne masu yaba shi.

Masu cewa kwalliya baƙuwar al'ada ce da fim da waya suka kawo, su tuna da ɗakin kakarsu. Akwai tandun kwalli a rataye, akwai garin lalle a ƙwarya, akwai shunin da ake shafa wa kitso har ya rina wuyan riga. Da katambiri ake zana fuska, da goro da fure ake rina haƙora su yi ja, kuma a lokacin wannan shi ne ado na kece raini. Dilka da halawa da humra sun zo mana daga Sudan ta hanyar Borno, muka karɓa hannu biyu har suka zama sharaɗin kai amarya. Maza ma suna ciki. Dattijo ya rangaɗa kwalli ranar Juma'a ya tafi masallaci, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. A Nijar kuwa, wajen taron da ake yi a Ingal ƙarshen damina, samarin Bororo ne ke kwana suna fente fuska, 'yan mata na tsaye suna zaɓe. Bahaushe da kansa ya ce ko kana da kyau ka ƙara da wanka.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. Matar da mijinta ya rasu ita ce aka ce ta ajiye kwalli da lalle da turare har wata huɗu da kwana goma. Da ado abin ƙi ne ga mace, da ba a mai da barinsa alamar takaba ba. Iyakoki kam akwai su, kuma ban zo in share su ba. An yi magana a kan wanda ya halatta mace ta bayyana wa adonta. An hana ƙarin gashi da tsige gira. Jan farcen da ke yin ɓawo yana tare ruwan alwala, lalle kuwa ba ya tarewa. Waɗannan darussa ne da malama ke koyarwa a Islamiyya cikin natsuwa, mace ta ji ta gyara. Amma mai zaman majalisa da ke kafa hujja da Suratun Nur don ya ci mutuncin 'yar mutane, ya koma ya karanta surar tun daga farko. A cikinta aka yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi mace kamila da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba. A cikinta kuma aka fara umartar maza da runtse ido, kafin a zo kan mata da adonsu. Wanda ya tsaya ya ƙare wa fuskar yarinya kallo har ya tantance launin jan bakinta, sannan ya yanke hukunci a kan mutuncinta, ya tsallake umarni biyu kafin ya iso kan wanda yake tuhumarta da shi.

Na san ana wuce gona da iri. Na ga amaren da aka lafta wa hoda hawa-hawa, aka liƙa musu gashin ido, har 'yan uwansu na tambayar ina amaryar. Akwai masu cin bashi don kwalliyar yini ɗaya. Wannan abin a yi nasiha ne, kuma gari na wayewa fuskar ta dawo yadda Allah ya yi ta.

Bilicin ba ya barin fuska ta dawo. Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan shafa a manyan kasuwanninmu ya ga yadda ake abin da ake kira haɗi. Mai shago zai ɗauko robar da ba ta da suna ba ta da lamba, ya matse tub uku ko huɗu a ciki, ya tsiyaya wani ruwa daga ƙaramar kwalba, ya zuba man shafawa, ya juya da cokali. Sai ya ɗago ya ce: "Hajiya, wane kala kike so? Na sati biyu ko na gaggawa?" Ba ya tambayar ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana da hawan jini. Ita ma ba ta tambayar abin da ke ciki. Bayan wata shida za ka gane ta tun daga hannu: bayan hannun fari sol, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore sun fito raɗau, kumatu sun ƙone kamar an ɗora musu dutsen guga. Daga nan sai safar hannu da niƙabi, ba don ƙarin tsoron Allah ba, don rana ta zama abokiyar gaba.

Abubuwa uku ne galibi a cikin irin wannan haɗin. Akwai sinadarin hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa tun 2001, kuma in aka daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar baƙin tabon da ba ya jin magani. Akwai magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol, waɗanda likita ke rubutawa don ciwon fata na 'yan makonni, amma a shafe shekaru ana mulka su a jiki duka. Su ne ke sa fata ta yi siriri, nankarwa ta tsattsage ta, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa, kuma suna iya jawo ciwon suga da hawan jini. Na ukun shi ne zaiba, wato makuri, wanda ke ratsa fata ya sauka a ƙoda da ƙwaƙwalwa, ya bi mahaifa ya kai ga ɗan tayi, ya bi nono ya kai ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Asalin adadin daga wani bincike ne a kan 'yan kasuwa a Legas, don haka ba ƙidayar ƙasa ba ce, amma ko rabinsa ne gaskiya ya isa a tashi tsaye. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu har da kwashe su daga shaguna.

To wa ya aike su? A nan ne bakinmu ke mutuwa. Mu ne muka ce farar mace alkyabbar mata, muka ce lantarkin gida ce. Samarinmu ne ke cewa fara ko mayya ce a kawo. Uwar miji, da aka ce ɗanta ya samo mata, tambayarta ta farko bayan asali ita ce: "Fara ce?" A finafinanmu na Hausa, dubi wadda ake ba matsayin matar attajiri, ka dubi wadda ake ba 'yar aiki. A gidan gyaran jiki, amarya ta shiga da wankan tarwaɗarta ta fito fara, ƙawaye su yi guɗa, dangin ango su ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana zaune tana jin duk wannan, tana ganin ƙanwarta mai haske ake ɗauka ana yi wa wasa, ita ana ce mata baƙar tukunya. Ba ta buƙatar kowa ya kai ta shagon mai haɗi, ta riga ta gane karatun. Har ta kai yanzu akwai iyaye mata da ke shafa wa ƙananan yara wannan mai, don kada a ce 'ya'yan kishiya sun fi nasu haske. Fatar yaro kuwa ta fi ta babba saurin shan duk abin da aka ɗora mata.

Mutumin da ke tsine wa mai jan baki da safe, da yamma shi ne ke aika kuɗi a sayo wa budurwarsa sabulun ƙara haske a sa a lefe. Ban ga ta inda zai ce yana kishin tarbiyya ba.

Kada kuma a ce mafita ita ce kowa ya koma kan kayan gargajiya ido rufe. Kwallin dutse mai ƙyalli da muke niƙawa, da yawansa dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma sanadiyyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Duk da haka ranar suna za a cika masa ido da kwalli, a ja masa gira, kowa na cewa tubarkalla. Haka baƙin lallen da ake haɗawa da dayis ɗin rina gashi don ya yi saurin kamawa, mata nawa ya tayar wa ƙuraje da ɓororo a hannu ana gobe ɗaurin aure? Garin neman gira ake rasa ido. Tambayar da ta dace a yi wa duk abin shafawa, na kaka ne ko na kanti, ita ce me ke cikinsa, kuma me zai yi wa jiki.

Ina roƙon limamanmu, cikin huɗubobin da ake yi a kan shigar mata, a ware ko da ɗaya a yi wa maza magana a kan raina baƙar fata, a yi wa 'yan kasuwa magana a kan sayar da guba a roba. Canza halitta da cutar da kai ai babi ne da malamai suka sani sarai. Ina roƙon iyaye su daina kwatanta launin 'ya'yansu, ko da wasa. 'Yar da ta ja kwalli mai tsabta ta shafa hoda za ta tafi makaranta, in akwai gyara a shigarta uwa ta ja ta ɗaki ta gaya mata, ba a tsakar gida a gaban ƙannenta ba.

Akwai kuma matan da suka gaji, suke son su daina, kuma su ne suka fi buƙatarmu. Wadda ta shekara tana shafa mai irin na clobetasol, in ta yanke rana ɗaya fatar kan yi bore: ƙaiƙayi, ja, ƙuraje, sannan duhun da ya fi na asali. Shi ya sa ya kamata ta ga likitan fata ya janye ta a hankali, maimakon ta koma wurin wanda ya haɗa mata tun farko ya ƙara mata wani. Watannin nan na dawowa su ne masu wuya, domin a lokacin ne za ta shiga gidan biki a tare ta da "Subhanallahi, me ya same ki kika yi baƙi haka? Ko maigidan ne ba ya kula da ke?" Da yawa a nan suke karaya su koma wa robar. Miji da uwa da ƙawa su ne za su tsaya mata a wannan lokaci, su raka ta asibiti, su sayi maganin da aka rubuta, kuma in mai wannan tambaya ta buɗe baki su amsa mata kafin ita ta amsa.