Waiwaye: Katin da Ya Fi Ƙarfin Akwatina

A ƙarshen shekarar 2022, bayan an kawar da amfanin gona, aiki ya yi mini yawa a ɗan shagona da ke bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega. Kaka ce, lokacin aure, ga kuma zaɓen 2023 ya ƙarato. Kowane ɗan takara na son fosta da gajeren bidiyon da za a yaɗa a WhatsApp da Facebook. Masu biki daga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, har da na Kebbe, suna kawo mini abin da aka ɗauka a wurin ɗaurin aure in haɗa musu. Kwamfutata kuwa tsohuwa ce ta ofis, 'yar siririya, ta hannu. Bidiyon rabin awa sai in sa ta fitar da shi bayan azahar, in je in yi la'asar in dawo, in tarar tana nan tana nishi.

Wani abokin sana'a ya ce maganin abin shi ne katin hoto, wanda mu a sana'a muke kira girafik. Wani allo ne mai ƙwaƙwalwarsa da ma'adanarsa da fankarsa, ana soka shi a cikin akwatin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin hoto da bidiyo. Ban tsaya dogon bincike ba. Na ɗaure kuɗin aikin wata biyu na hau mota zuwa birni.

A lokacin kasuwa ta cika da katuna na hannu, kuma da dalili. Shekaru kafin nan masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta wawushe su suna jerawa a ɗakuna, suna aiki ba dare ba rana, har farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2021. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙar, sai masu ita suka juyo da kayansu kasuwa. Daga Chaina da Turai katunan suka gangaro har Computer Village ta Ikeja da titin Beirut na Kano. Ni dai da na ga RX 580, na ji an ce giga 8 gare shi, ga fanka biyu, ga nauyi a hannu kamar bulo, ga araha, sai na ce na tsinci dami a kala. Ban tambayi komai ba na biya.

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a garinmu, mutumin da ya faro daga rediyo da talabijin kafin ya koma kwamfuta. Ya kwance akwatina, ya ɗora katin a kai, sai ga shi ya fi akwatin tsayi, murfi ba zai rufu ba. Ya gyara tabarau ya karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak, abin da ke rarraba wa kwamfuta wuta. Wat 240 aka rubuta. Katin shi kaɗai yana iya jan wat 185, masu shi sun ce a ba shi fawa-fak mai wat 500, kuma yana neman wata wayar wuta mai baki takwas wadda akwatina ba ta da ita. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kaka son yi da wanga? Doki na ka sawo, kai kuwa turken akuya gare ka."

Da na ji magana da na tsaya a nan. Amma wanda ya riga ya zuba kuɗi ba ya son a ce ya yi wauta. Na sayi babban akwati, na sayi sabon fawa-fak, sai allon tsohuwar kwamfutar ya ƙi zama a cikinsu, dole shi ma na canza shi. Kafin kati ya kunna na kashe fiye da abin da na saye shi. Ya yi aiki kuwa, ba ƙarya, bidiyo na fita kafin shayi ya huce. Sai dai daga ƙarshen watan Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, janareta ta zama ta lalura. Na koma sola, batir ɗin da ya kamata ya kai ni isha ya riƙa mutuwa tun magariba. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a ƙasarmu, fankokin na ihu kamar injin niƙa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin katin, sai an bi shi da iska duk mako biyu. Katin bai yi mini laifi ba. Abin da aka ƙera shi ya yi shi yake yi. Ni ne na kai shi gidan da ba nasa ba.

A wannan wahala na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Sunayen da ke jikin kwali kashi biyu ne. Kamfanoni uku ke tsara ƙwaƙwalwar katin: NVIDIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1993, mai GeForce, AMD, wadda ta sayi ATI a 2006, mai Radeon, sai Intel da ta shigo da Arc a 2022. Mafi yawan ƙwaƙwalen na yanzu kamfanin TSMC na Taiwan ke buga musu. Su kuwa ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac da Sapphire, karɓar ƙwaƙwalwar suke yi su ɗora ta a nasu allon, su sa mata fanka da riga. Kamar shadda ce da tela. Idan yadin ɗaya ne, bambancin ɗinki yana nan, wani ya fi sanyi, wani ya fi shiru, wani ya fi ƙarko, amma tela ba ya mayar da yadin talaka ya zama gezna. Musun da samari ke yi a shago kan wane kamfani ya fi, yawanci musun tela ne, alhali ba su duba yadin ba.

Na kuma gane cewa yawan giga ba shi ne ƙarfi ba. Akwai GT 730 da aka rubuta masa giga 4, amma GT 1030 mai giga 2 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, domin shi GT 730 rumbu ne babba mai ƙaramar ƙofa. Shi kansa GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya: na 2017 mai ma'adanar GDDR5, da wanda ya biyo baya a 2018 mai DDR4, wanda ya gaza na farkon sosai. GTX 1060 ma haka, mai giga 3 ba ma'adana kawai aka rage masa ba, har ƙwaƙwalwar an datse. Sannan ga jabu, inda ake ɗaukar tsohon kati a sauya masa suna a ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z da ke fallasa asalin kati cikin minti ɗaya. Duk mai sayarwar da ya hana ka gwadawa da ita, ka yi masa sallama.

Bara waccan wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ya buɗe nasa shago a Kebbe. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Maigida, wane kamfani zan saya?" Na ce ya bar maganar kamfani tukuna, ya gaya mini aikinsa. Ya ce fosta da katin gayyata a CorelDRAW, sai bidiyon biki jefi-jefi. Na ce aikin CorelDRAW ba kati ne ke ɗaukar nauyinsa ba, ya fara ƙara wa na'urarsa ma'adana da faifai mai sauri. Don bidiyon kuma muka nemo masa GTX 1650 irin gajeren nan, mai jan wat 75, wanda ba ya buƙatar wata waya daban. Kafin a biya sai da aka kunna shi rabin awa da aiki mai nauyi, muna kallon zafinsa, muna sauraron fankarsa, muna duba ko hoto zai yi zane-zane. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kayan hannu kuwa ba a sayensu da baki. Tsakanin katinsa da nawa akwai wat 110. A awa takwas na aiki mai nauyi, kusan yunit guda na wuta ke nan, kuma mai dogaro da batir ya san darajar yunit guda.

Nawa katin daga baya na sayar wa wani mai gidan wasan kwamfuta a Sakkwato, mai babban akwati da isasshiyar wuta. Har yau yana yaba shi, ni kuma na koma irin na yarona.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka hau motar Sakkwato ko Kano, kwance akwatinka. Karanta lambar da ke jikin fawa-fak, auna tsawon wurin da kati zai zauna, lissafa abin da batir ko janaretarka ke iya ɗauka, ka rubuta sunan manhajar da kake ci da ita. Ka sa takardar a aljihu. Idan mai shago ya fara jero maka sunaye da giga, ka fito da ita ka miƙa masa.