Ku Daina Ɗiga wa 'Yan Kyanwa Maganin Kare!

'Yan'uwana maza da mata, masu kyanwa a gida da masu ganin ta maƙwabta tana gilmawa ta kan katanga, ku ba ni aron kunnuwanku. 'Yan kyanwa suna mutuwa a hannunmu. Magani ke kashe su. Maganin da muka sayo da kuɗinmu, muka shafa musu da hannunmu, muna nufin alheri.

Na gani da idona. Kyanwar maƙwabtanmu ta haihu a bayan buhunan gero, 'ya'ya huɗu. Da suka yi kamar wata guda, ƙuma ta cika su, ba abin da suke sai susa. Yaron gidan, yaro mai tausayi, ya je kasuwa ya ce a ba shi maganin ƙuma. Aka miƙo masa ɗan bututu mai hoton kare, aka ce ai duk ɗaya ne, ka dai rage. Bayan la'asar ya ɗiga wa kowacce ɗigo biyu a ƙeya. Kafin isha'i kunnuwansu sun fara motsi su kaɗai. Fatar bayansu tana ɓari kamar ƙuda ya sauka a kai. Miyau yana dalala. Ɗaya ta miƙe za ta je wajen uwar, ƙafafu suka harɗe, ta faɗi, ta shiga jijjiga. Uwar tana lasarsu tana kuka, ita ma tana haɗiyar gubar. Da gari ya waye, biyu aka ɗauka aka binne. Yaron nan ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, yana ta cewa, "Mama, wallahi taimakonsu na so in yi."

Gaskiya ya faɗa. Sani ne bai kai gare shi ba. To, mu kai shi ga kowa.

Sunan gubar fametirin. A jikin kwali za ku ga an rubuta permethrin. Ku haddace kalmar nan. A yawancin magungunan ɗigo na karnuka masu ɗauke da ita, ita ce kashi 40 zuwa sama da 60 cikin 100 na ruwan da ke bututun. Hantar kare tana narkar da ita ta fitar. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aikin; haka Allah ya halicce ta. Sai gubar ta zauna a jiki, ta hau kan jijiyoyi, ta riƙa tsikarinsu ba hutu. Wannan fa babbar kyanwa ke nan. Ina ga jaririya wadda aka haifa da nauyin kusan giram 100, wadda sai ta yi mako 8 take kusantar kilo 1? Kada wani ya ce miki ki rage. Kada wani ya ce maka ɗigo ɗaya ba ya komai. Ɗigon da kare ba zai ko ji ba ya isa ya kashe ta. Ko karenka kaɗai ka ɗiga wa, idan kyanwa ta kwanta a jikinsa ko ta lashe shi, ta ɗauka. Raba su kwana 3 cur.

Mu nan kuma muna da namu ƙarin. Mun saba, abin da ya kashe kaskar sa, sai mu ce zai kashe ta kyanwa. Maganin wankan shanu da awaki, kada ya taɓa ta. Fiya-fiya da Sniper, kada su taɓa ta. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana baje Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa ga mutane, balle ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kananzir, a'a. Baƙin mai, a'a. Wanka da Dettol ko Izal, a'a, don hantarta ba ta iya su. Ku tuna kyanwa mai lasar jiki ce. Duk abin da kuka shafa a gashinta, cikinta zai je.

Ban ce a bar ƙuma ta cinye su ba. Ƙuma ma tana kisa. Tana tsotse jinin jaririya har ta kasa tsayuwa. Ɗaga leɓenta ka duba dasashinta: idan ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa, sai likita. Ƙumar ce kuma ke sa musu tsila idan suka haɗiye ta wajen lasa. A yaƙi ƙuma, amma da makamin da ya dace.

Idan ba su kai mako 8 ba, mataji ne maganinsu. Sami mai ƙananan haƙora, irin na cire kwarkwata. Ajiye kwano da ruwan sabulu a gefe. Taje wuya, taje ƙarƙashin haɓa, taje gindin wutsiya, kana tsoma matajin a ruwan, ƙumar tana nutsewa. Safe da yamma. Idan ta yi yawa, yi musu wanka da ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ban da fuska. Goge su sarai da tawul, ka mayar da su jikin uwarsu, don sanyi yana saurin kama su, musamman da hunturu. Kaska kuwa, kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a hankali, kai tsaye. Kada ka ƙona ta, kada ka matse cikinta.

Sannan ku juya kan ɗakin. Ƙuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya zama a jikin kyanwa. Zubowa yake cikin tsumma, cikin tabarma, cikin tsagar daɓe. Wanda ya tsefe kyanwa ya bar shimfiɗarta, aikin baban giwa ya yi. Wanke tsumman da ruwan zafi. Shanya shi a rana. Share lungun kullum. Uwar kuma a nema mata maganin kyanwa a wajen likitan dabbobi, a gaya masa tana shayarwa.

Da sun girma, magani mai hoton kyanwa kaɗai. Shi ma da ƙa'ida. Frontline na ɗigo, misali, sai ta kai mako 8 da kilo 1. Auna ta, kada ka yi kintace. Ɗiga a ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, ka raba ta da 'yan'uwanta har wurin ya bushe. Kada ka haɗa magani biyu. Kada ka sa wa marar lafiya. Sannan ka sa ido, don ko sahihin magani yakan saɓa da jikin wata. A Satumbar 2018 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kan jinsin magungunan da Bravecto da NexGard suke ciki, cewa wasu karnuka da kyanwoyi sun yi karkarwa da tangaɗi da jijjiga, ko da yake yawancinsu suna karɓarsu lafiya.

To idan an riga an ɗiga wa kyanwa maganin kare fa? Kada ku tsaya jiran gari ya waye. Alamun sukan fito cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci sai bayan kwana 2 ko 3. Da kun gano kuskure, wanke ta nan take da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye sosai. Ban da ruwan zafi, yana ƙara tura gubar cikin fata. Idan ta riga ta shiga jijjiga mai ƙarfi, ku bar wankan, ku naɗe ta a tawul, ku kama hanya. Kada a ɗura mata manja. Kada a ɗura mata madara. Shaƙewa za ta yi. Kada a ba ta farasitamol, rabin ƙwaya ma yana iya kashe kyanwa. Ɗauki kwalin maganin ku tafi da shi, likita ya gani. Fametirin ba ta da makari, amma likita yana da allurar da ke kwantar da jijjiga, yana da ƙarin ruwa, kuma da yawa suna miƙewa cikin 'yan kwanaki idan an kai su da wuri. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu. Nemi na kusa da kai tun yanzu, ka adana lambarsa a wayarka.

Kada kunya ta hana ka ɗaukar 'yar kyanwa zuwa asibiti. Bari masu dariya su yi. Mu ne fa muke kiran babban sahabi da Abu Huraira, laƙabin da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka.

Mai sayar da magani, don Allah, kafin ka miƙa, tambaya: wace dabba ce, watanta nawa? Iyaye mata, ku ke ganin inda ta haihu, ku hana yara taɓa su da kowane ruwan kwalba. Samari masu kiwon karnuka, ku ɓoye bututan nan nesa. Malaman makaranta, ku faɗa wa ɗalibai. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yau, kafin ku kwanta, ku ɗauko duk maganin ƙuma da kaska da ke gidanku ku duba jikinsa. Mai hoton kare, mai hoton sa, mai kalmar permethrin, ku kulle shi inda yaro ba zai kai ba. Gobe da safe ku leƙa gidan maƙwabcin da kyanwarsa ta haihu, ku gaya masa.