Taki Ba Ruwa Ba Ne

'Yan'uwa manoma, mu yi hattara da zuba takin zamani a gindin sabara da kalgo da mu ke reno don tare hamada. Yuriya ta kan sa itace ya cika ganye, saiwa kuwa ta yi lalacin nutsawa neman laima. Yawan ganye, yawan ƙishirwa. Da bazara ta tsananta, sai shagwaɓaɓɓen ya riga na daji bushewa.

Sabara fa da dare ta kan jawo ruwa daga can ƙasa, har geron kusa ya amfana. An gwada haka a Senegal. To, takin buhu na gero ne. Ita a bar ta da kashin dabbobi da ganyenta da ya zube. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.