Imel na Kyauta da Kuɗin da Ake Biya a Ɓoye

Mutumin Birnin Gwari ba ya bukatar malamin da zai koya masa darajar riƙe sirri. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a dajin Kamuku da kewayensa sun koya wa manomi cewa ba a faɗin yawan buhunan da aka girbe a bainar jama'a, sun kuma koya wa ɗan kasuwa cewa ba kowa ake gaya wa ranar tafiya Kaduna ba. A ƙarshen watan Satumba na 2021 ma gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wannan yanki da wasu ƙananan hukumomi har kusan wata biyu, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Abin mamaki shi ne, ɗan wannan manomi, wanda aka hore shi da kame baki a kasuwa, shi ne zai zauna gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa ya miƙa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa ga mutanen da bai taɓa gani ba, don kawai an ce masa abin kyauta ne.

Ba shi da laifi sosai. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB tilas ne ya mallaki adireshin imel, kuma tun daga 2021 sai ya haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Galibi yakan je shagon masu kwamfuta, mai shago ya buɗe masa akwatin Gmail ko Yahoo nan take, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya rubuta masa ita a bayan takarda. Ba da daɗewa ba sai wasiƙu su fara kwararowa: wannan na tallar rance, wancan na cacar ƙwallo, wata kuma tana yi masa albishir da tallafin karatu a Turai wanda bai taɓa nema ba.

Irin waɗannan wasiƙu sun girmi yawancin malaman da ke koyarwa a yau. A ranar 3 ga Mayu, 1978, wani ma'aikacin kamfanin Digital Equipment Corporation na Amurka mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kwamfutocin kamfaninsa ga mutane wajen 400 a kan ARPANET, wato kakar intanet ta yau, kuma jama'a suka fusata ƙwarai. Dalilin da ya sa al'adar ba ta mutu ba lissafi ne mai sauƙi. Wanda zai aika wasiƙa ta gidan waya sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, saboda haka yakan yi tunani kafin ya aika dubu. A imel kuwa, aika wasiƙa miliyan bai fi aika guda ɗaya tsada da wani abin kirki ba. In mutum ɗaya cikin dubu goma ya amsa, riba ta samu. Ɗawainiyar ta koma kan mai karɓa, wanda zai ƙona datarsa da lokacinsa yana tsintar wasiƙar makaranta a cikin shara.

To, ina suke samun adireshin? Wani lokaci ɗalibin da kansa yake bayarwa, lokacin da ya cike fom ɗin tallafin karatu ko na ɗaukar aiki da aka turo masa ta WhatsApp, alhali babu tallafin, babu aikin, adireshin kawai ake tarawa a sayar. Wani lokaci kuma daga rumbun bayanan da ɓarayi suka fasa ake kwasowa. Akwai ma wata dabara da ya kamata ɗaliban kimiyya su sani. Ana saka wani ɗan ƙaramin hoto a cikin wasiƙa, wanda ido ba ya gani. Da zarar an buɗe wasiƙar sai a janyo hoton daga na'urar mai aikowa, shi kuma ya gane cewa adireshin yana da rai, har da lokacin da aka buɗe. Adireshi mai rai kuwa ya fi tsada a kasuwarsu.

Sai kuma batun su kansu kamfanonin da ke ba da akwatin kyauta. Hotmail ya fito a 1996, Yahoo ya biyo baya a 1997, Gmail kuma a ranar 1 ga Afrilu, 2004. Babu ɗayansu da ke ajiye wasiƙun biliyoyin mutane don neman lada. Talla ce ke biyan kuɗin manyan na'urorinsu da wutar da suke ci. Shekara goma sha uku na'urorin Google suna duba kalmomin da ke cikin wasiƙun Gmail don zaɓar tallar da ta dace da mai akwatin, sai a 2017 kamfanin ya ba da sanarwar daina hakan, ko da yake yana ci gaba da amfani da wasu bayanan, kamar abin da mutum ya bincika da bidiyon da ya kalla. Yahoo kuwa ya amsa a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukan akwatunansa, kimanin biliyan 3. An saci sunaye da lambobin waya da ranakun haihuwa, kuma sai bayan shekara uku masu akwatunan suka fara jin labari.

Wani zai ce, ai kyauta ba ta kaɗan, kuma yana da gaskiya. Yaron ƙauyen da ma'aikacin gidan waya bai taɓa takawa ba ya sami adireshin da jami'a za ta iya aiko masa da takardar ɗauka, kuma matatar da waɗannan kamfanoni suka kafa tana tare mafi yawan wasiƙun banza tun kafin su iso. Babu mai hankalin da zai ce a yar da imel. Abin da ake faɗa shi ne, ciniki ne, kuma wanda bai san yana ciniki ba shi ake cuta.

A gaskiya ma, ga ɗalibin Birnin Gwari, hatsarin da ya fi kusa ba a Amurka yake ba, yana cikin takardar nan da aka rubuta masa kalmar sirri. Yawancin masu shagunan kwamfuta mutanen kirki ne masu neman halal ɗinsu, amma kwamfutar shago ta kowa ce, kuma akwatin da ba a rufe ba na wanda ya zauna bayanka ne. A cikinsa akwai hoton ɗalibin, da takardar NIN, da sunan mahaifi da unguwa, wani lokaci har da saƙon banki mai nuna abin da ya shigo. A yankin da aka sha sace mutane don kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a bari a buɗe.

Doka ta ɗan motsa. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba kowa ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. Wannan yana da amfani a kan kamfanin da ke da ofis da suna. Macucin da ke ɓoye a wata ƙasa kuwa, dokar ba ta kai gare shi da sauƙi, kuma amsa masa, ko da don a ce ya daina, tabbatar masa ne kawai cewa akwai mutum a gida.

Saboda haka nauyin ya fi faɗawa kan malamai, musamman masu koyar da ilmin kwamfuta a manyan azuzuwan sakandare. Darasi ɗaya kafin lokacin rajistar JAMB ya isa a nuna wa ɗalibi yadda zai canza kalmar sirri da zarar ya bar shago, ya tabbatar lambar wayar da aka ɗaura wa akwatin tasa ce ba ta mai shago ba, ya kuma rufe akwatin kafin ya tashi daga kujera. Zai kyautu a sa shi ya buɗe adireshi biyu: ɗaya na makaranta da banki, wanda ba ya ba kowa sai hukuma, ɗaya kuma na cike fom ɗin da bai yarda da shi ba. In babu kwamfuta ko wuta a makarantar, wayar malami guda ɗaya da allo sun wadatar.