Takardun Aiki Sun Fi Ƙarfin Guruf Ɗin WhatsApp

'Yan uwa, yau bari mu ɗan ajiye maganar wane ya ce, wane ya yi, mu taɓa wani abu da ke cin mu a ofisoshi da kwamitoci ba mu ankara ba.

Makon jiya aka nemi wani jerin sunaye da muka tattara wata uku baya. Kowa ya rantse an tura a guruf. Gaskiya ne, an tura. Amma daga ranar zuwa yau gaisuwar Juma'a, katin ɗaurin aure, saƙon murya na minti bakwai da sitika sun binne shi. Da ƙyar aka lalubo, sai ga fayil uku masu suna iri ɗaya, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe. Wanda ya yi gyaran ƙarshe kuwa an sace wayarsa. Ranar na sha kunya, wallahi.

Ni ba na ƙin guruf. Idan taro ne ƙarfe huɗu, ko mota ta lalace a hanya, ba abin da ya kai shi sauri, kuma yana ɗaukar mutum har 1,024. Amma guruf kamar majalisar ƙofar gida yake: wanda ya zo a makare, abin da aka faɗa da safe ya wuce shi. Sabon da aka sa yau ba zai ga abin da aka yanke wata biyar baya ba, sai dai a sake ba shi labari, kowa da irin nasa.

Zauren aiki na bai-ɗaya, irin na Microsoft Teams, Slack ko Google Chat, tsarinsa daban ne. Kowane batu da ɗakinsa: kuɗi nan, rahoto can. Sabon shiga yana karanta tarihi da kansa. Takarda ɗaya ce kowa ke gyarawa, kuma a Google Docs ana iya ganin wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa.

Ga wurin da nake so ku lura sosai. A Teams, fayil ɗin da ka tura cikin hira yana zama ne a OneDrive ɗinka, ma'ajiyarka ta kanka. Wanda ka sa a ɗakin aiki kuwa yana shiga SharePoint, ma'ajiyar ƙungiya. Manhaja ɗaya ce, amma na farko kayanka ne, na biyu kayan jama'a. Mutum yana barin aiki. Mutum yana fushi ya sauya sheƙa, mu ai ba sai an gaya mana wannan ba. Idan ya tafi, takardun wa za su bi shi?

Na san abin da za a ce: data ta yi tsada, wayoyi sun cika, dattawanmu ba za su koyi sabon abu ba. Duk na yarda. Shi ma Slack na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa, saboda haka kar a ɗauka aljanna ce. Amma wa ya ce sai kowa ya koma? Sakatare, ma'aji da masu rubuta rahoto su ne ke buƙatar zauren. Sauran jama'a a bar su a guruf, a riƙa tura musu mahaɗin takarda maimakon takardar kanta.

Ko ba a da kuɗin Teams, Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ya ishi takardun kwamiti. Sharaɗi ɗaya: a buɗe shi da imel na ofis, kar a yi da na sakatare, kuma mutum biyu su riƙe kalmar sirri. Mu dai haka muka yi ranar Litinin, jerin sunayen nan shi muka fara sakawa.