Lauyan Wa Kake Biya?

Ka biya hayar shekara, ka sallami dillali, sai a ce saura kashi 10 cikin 100 na lauya. Lauyan wa? Mai gida ne ya ɗauke shi, kuma shi sharuɗɗan suke karewa. Sau da yawa ma tsohuwar yarjejeniya ce a kwamfuta, suna da kwanan wata kawai aka canza.

A Legas, sashe na 11 na dokar haya ta 2011 ya ce wanda ya ɗauko ƙwararre shi zai biya shi. Me ya hana Kano da Kaduna?

Za su ce haka aka saba. Shirunmu ne ya sabar musu, don tsoron kada a ba wani gidan. Nemi rasit da sunan lauyan, ka tambayi aikin da ya yi. Kuɗin guminka ne.