Mai Danna Maɓalli Barkatai Ba Gwani Ba Ne

Jama'a, a hutun da ya wuce na je gida Yelwa, na shiga wani gidan gem a bayan kasuwa, abin da idona ya gani shi ya sa na ɗauki alƙalami. Janareta na ruri, samari sun cika ɗaki maƙil, ana buga Tekken da Mortal Kombat, wanda aka kayar shi ke biya. Akwai wani ƙanena ɗan sakandare da na tsaya bayansa har aka kayar da shi sau bakwai a jere. Duk karon da aka fara, sai ya rufe ido ya dinga dannar maɓallai kamar mai tankaɗen gari. Da na ce masa ya tsaya ya koyi tsaro tukuna, sai ya ce shi dai a koya masa "babban bugu" kurum. Ashe ma kuɗin littafinsa ne yake zubarwa.

To, ni da mutane iri biyu nake faɗa a wannan shafi. Na farko su ne manyanmu 'yan boko masu cewa wannan wasa shiririta ce tsantsa, ba abin koyo a ciki. Na biyu kuwa, waɗanda laifinsu ya fi girma, su ne masu wasan da kansu, waɗanda ke son kambun gwani ba tare da wahalar almajiranci ba.

Bari in fara da na farko. Tun da kamfanin Capcom na Japan ya fito da Street Fighter II a 1991, aka bi shi da Mortal Kombat a 1992 da Tekken a 1994, wannan wasa ya zama fage mai ƙa'ida da lissafi. Allon yana sauya hoto sau 60 a kowace daƙiƙa, kuma da waɗannan hotuna ake auna kowane motsi. A Tekken, naushi mafi sauri na yawancin 'yan wasa yana sauka bayan hoto 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Wani bugun kuwa, in aka tare shi, yakan bar mai shi a buɗe fiye da haka, saboda haka wanda ya san lissafin zai rama babu makawa. Wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba, ina ya sami ikon yanke hukunci cewa ba ilmi a nan? In dara da langa wasanni ne na hankali da jarumta, me ya fitar da wannan daga sahu, in ba don baƙo ne ba?

Amma fa na biyun nan su ne suka ba na farko abin faɗi. Ku dubi dambe, wanda muka gada. Ɗan dambe yana da hannu biyu, ɗaya ɗaurarre na bugu, ɗaya buɗaɗɗe na garkuwa. Wace ƙungiya ce, Kudu ko Arewa, Jamus ko Guramada, za ta tura yaro fage bai iya garkuwa ba, bai san tazarar da hannun abokin karawarsa ke kaiwa ba? Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, kuna tsammani ranar farko ya fara kisa? Haka a bakin ruwa. Ɗan Basarke a Yauri ko Wara ba ya fara da jefa birgi a tsakiyar tafkin Kainji. Sai ya iya iyo, ya iya zama cikin kwalekwale bai kife ba, ya iya tuƙi, sa'an nan a ba shi taru. Masu tseren jirage a bikin Rigata ba da ihu suke cin gasa ba, da haɗin hannu ne wanda aka daɗe ana koyo. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mene ne rarrafen wannan wasa? Abu biyar ne. Na ɗaya, ka zaɓi ɗan wasa guda ka zauna a kansa, ka bar tsalle daga wannan zuwa wancan duk sa'ad da aka kayar da kai. Na biyu, ka koyi tsaro kafin bugu. A Street Fighter baya ake ja don tarewa, a tsugune don bugun ƙasa, a tsaye don wanda ya faɗo daga sama. A Mortal Kombat kuwa tsaro na da maɓallinsa daban. Na uku, ka san tazara, wato inda ƙafarka ke kaiwa tasa ba ta kai ba, ka tsaya nan. Na huɗu, ka iya kakkaɓo mai tsalle, domin sabon shiga ba abin da ya sani sai dirowa ta sama. Na biyar, ka san hukunci: in ya saki babban bugu ka tare, kada ka bar shi ya koma salin alin. Ka kuma tuna kamu yana karya mai yawan tsaro, bugu yana karya mai neman kamu, tsaro yana karya mai bugu. Kusan duk wasannin yanzu suna da filin atisaye inda ba mai kayar da kai. Minti 20 a nan ya fi karo 10 na ihu.

Kada wani ya ce mini wannan aikin 'yan ƙasashen da suka ci gaba ne. Arslan Ash, saurayi daga Lahore ta Pakistan, a gidajen gem irin namu ya koyi Tekken, a ƙasar da duniyar wasan ba ta sa a lissafi ba. A 2019 ya ci gasar Evo ta Japan, ya sake cin babbar Evo a Las Vegas ta Amurka a shekarar, ya kayar da gwanayen Koriya da Japan. Haka kuma a Evo ta 2004, Daigo Umehara na Japan, saura ƙiris ransa ya ƙare a karonsa da Justin Wong, ya kakkaɓe bugu 15 a jere ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ci. Abin da duniya ke tunawa da shi har yau tsaro ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Yaron da ya ce a koya masa babban bugu kurum, shi ne gobe zai zo jami'a ya ce a ba shi amsar jarrabawa kurum. Shi ne jibi zai hau kujerar ofis yana neman sa hannu ba ya son karanta fayil. Cuta ɗaya ce, son girbi ba noma. Kuma saboda ba ya son koyo, sai ya jingina da sa'a, daga sa'a sai a sa kuɗi a kan karo, wasa ya zama caca. Nan ne iyayenmu ke da gaskiya, kuma wajibi ne mu ba su gaskiyarsu. Caca haramun ce, ko da karta aka yi ta ko da hannun gem. Wanda kuma ya bar salla ko aji don wasa, ya riga ya fāɗi tun ba a fara ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, musamman 'yan Yauri da Ngaski da Shanga, mu shirya gasa mai ƙa'ida a lokacin hutu, ba caca, ba zagi, a tashi in an kira salla, kuma kowane gwani ya ɗauki sabon shiga guda ya koya masa. Ƙasar da aka tashi dubban mutanenta daga gungunansu a 1968 don a tare ruwa a ba Nijeriya lantarki, bai kamata 'ya'yanta su tsaya a 'yan kallon abin da lantarkin ya haifa ba.

Ƙanen nawa dai na zaunar da shi kwana uku, ba abin da na bar shi ya yi sai tarewa. Ya yi fushi har ya daina gaishe ni. Rana ta huɗu aka sake kayar da shi, amma wannan karon ya san dalili, kuma da bakinsa ya faɗa mini inda ya yi kuskure. Sannu ba ta hana zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.